Tambaya da Amsa: Mai Tayin da Ba Ya Biya, Yaya Ake Rufe Masa Ƙofa?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata daga Jos suka fito, kuma kusan duk kukansu ɗaya ne: gwanjon intanet da mutanen da ke ɓata shi. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata sayar da duwatsu masu daraja, tomalin da akwamarin. Ni da yayana da ke zaune a Amurka muna da shago a eBay, kasuwar saye da sayarwa da gwanjo ta intanet. Da sunansa aka yi rajista, shi ke aika kaya, ni ke rubuta bayanin dutse ina kuma lura da gwanjo. Akwai wani mai saye da ya ci gwanjonmu har sau biyu bai biya ba, yanzu kuma ga shi ya sake taya wani dutsen. Yaya zan hana shi? Daga mai sana'ar dutse, Gangare, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Toshe shi abu ne na minti biyu, amma kada ka fara da nan. Akwai aikin da ya riga shi.

Ka fara komawa kan tsofaffin cinikin nan biyu. eBay na bai wa wanda ya ci gwanjo kwana 4 ya biya. Idan sun wuce bai biya ba, mai kaya yana da damar soke cinikin, kuma damar tana nan har kwana 30 daga ranar da aka ci gwanjon. Wurin sokewar za a tambaye ka dalili, kuma a nan ne masu kaya da yawa ke cutar kansu. Ka zaɓi dalilin da ke cewa mai saye bai biya ba, wato "Buyer hasn't paid". Da wannan za a rubuta wa mutumin tabon rashin biya a asusunsa, ba za a ci la'adar cinikin daga wurinku ba, sannan ba shi da bakin rubuta muku mummunan sharhi a kan cinikin da bai biya ba. Idan kuwa cikin gaggawa ka zaɓi cewa kaya sun ƙare ko sun lalace, tabon a kan shagonku zai sauka, shi ya tafi fes. eBay na lissafa irin wannan tabo, kuma idan ya haura kashi 2 cikin 100 na cinikin shago, darajar shagon na iya faɗuwa. Haka nan idan mai sayen ya roƙe ka da cewa, "Don Allah ka rubuta ni na nemi a soke," ka sani yana gudun tabon ne. Tabon kuwa shi ne abin da zai kare sauran masu kaya daga gare shi, kamar yadda tabon da wasu suka yi wa wasu zai kare ka.

Sai tayin da ya yi yanzu. Toshe mutum ba ya goge tayin da ya riga ya shigar. Idan ka toshe shi ka tafi ka kwanta, yana iya wayar gari shi ne ya ci dutsen. Akwai shafin soke tayi, inda ake neman abu uku: lambar kayan, sunan da mutumin yake amfani da shi a eBay, da dalili. Ka rubuta dalilin a taƙaice cikin ladabi, misali cewa bai biya cinikin baya ba. Da zarar ka soke, ba a dawo da shi.

Bayan nan ne toshewar. A cikin saitin asusu, ɓangaren zaɓin masu sayarwa, akwai shafin "Buyer Management", a nan jerin waɗanda aka toshe yake. Ka kwafo sunan mutumin daga shafin ciniki ka liƙa, kada ka buga da hannu, domin harafi ɗaya ko ɗigo ɗaya idan ya kuskure, wani bawan Allah ka toshe, naka yana nan yana yawo. Idan sunayen suna da yawa a raba su da waƙafi. Jerin yana ɗaukar suna har 5,000. Daga lokacin ba zai iya taya kayanku ko saye ba har sai kun cire shi. Amma saƙo zai ci gaba da shigowa daga wurinsa sai ka kunna zaɓin da ke hana waɗanda aka toshe tuntuɓarka, kuma ko ka kunna, yana da damar yin magana a kan cinikin da ke tsakaninku wanda bai ƙare ba.

Duk wannan, Malam, ihu ne bayan hari. Sunan da ka toshe na wanda ya riga ya ɓata maka mako guda ne. Abin da ya fi tsare shago shi ne sharuɗɗan da ake gindaya wa masu saye tun kafin a buɗe gwanjo, kuma a wannan shafin suke. Na farko yana hana duk wanda aka soke masa ciniki saboda rashin biya, kai ke zaɓar adadin, daga 2 zuwa 5, cikin wata 1 ko 6 ko 12. Ga mai sayar da dutse, shawararmu ka ɗaure shi tamau: sau 2 cikin wata 12. Na biyu yana hana wanda adireshinsa ke ƙasar da ba ku aika kaya, amma ba ya aiki sai kun riga kun ware waɗannan ƙasashe a saitin aikawa. Na uku yana iyakance yawan kayan da mutum ɗaya zai ci ko ya saya a wurinku cikin kwana 10, kuma ana iya takaita shi ga masu makin sharhi 5 zuwa ƙasa, wato makin da mutum ke tarawa daga sharhin waɗanda ya yi ciniki da su. Wannan na ukun masu kaya sun fi raina shi, alhali shi ne maganin sabon asusun da zai zo dare ɗaya ya taya duwatsu goma sha biyu ya ɓace. Ka duba kuma ko asusunku yana da zaɓin tilasta wa mai tayi ya shigar da hanyar biyan kuɗi kafin ya taya. Idan akwai, ka kunna. Ka kuma saita sokewar cinikin da ba a biya ba ta riƙa faruwa da kanta bayan kwana 4.

Dalilin da ya sa muka matsa a kan wannan shi ne agogo. Gwanjon da zai rufe ƙarfe 9 na dare a New York, a Jos ƙarfe 2 ne ko 3 na dare, gwargwadon lokacin shekara. Tayi mafi zafi kuwa a daƙiƙun ƙarshe yake shigowa. Ba ka farke, kuma ko kana farke ba za ka iya binciken mutum cikin daƙiƙa goma ba.

Dutsen da ba a biya ba kuma bai zama asara ba. Akwai tsarin "Second Chance Offer", wanda ke ba ka damar miƙa kayan ga wanda ya zo na biyu a kan tayinsa na ƙarshe, har kwana 60 bayan rufe gwanjon. Gara a yi shi da wuri, tun zuciyar mutumin tana kan dutsen.

Tambaya: Na toshe wani mai saye a eBay, bayan kwana kaɗan wani sabon suna ya zo yana min tambayoyi iri ɗaya da nasa, har kuskuren rubutunsu ɗaya. Ina zargin shi ne. Kuma na lura wasu kan zuba tayi mai tsada, daga baya su janye. Me ke faruwa? Daga wani matashi mai sayar da tsofaffin agoguna, Bukuru.

Amsa: Ɗan'uwa, toshewa suna take kamawa, ba ta kama mutum. Amma dokar eBay ta hana wanda aka toshe ya zagayo da wani asusu. Ka toshe sabon sunan, ka kai rahoto ta hanyar kai ƙarar mai saye, ka ambaci sunayen biyu. Idan ya kai ga sayen kaya, ka gwada suna da adireshin aikawa da na tsohon ciniki, domin nan ne hujjarka take. Kada ka zarge shi a saƙo, kada ka yi masa gori. Duk abin da kuka rubuta yana nan a ajiye, kuma ranar da aka zo duba rigimar, kalamanka ma za a karanta.

Batun janye tayi kuwa tsohuwar dabara ce. A eBay mutum yana shigar da iyakar abin da zai iya biya, na'ura kuma ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. To a ce darajar agogonka ta kai dala 300, masu tayi na gaskiya sun kai shi 45. Mutum ɗaya mai asusu biyu sai ya sa 400 da na farko, ya sa 900 da na biyu. Nan take farashin da ake gani ya haura 400, masu saye na gaskiya su watse. Can daga baya ya janye na 900 da sunan kuskuren bugu, farashi ya ruguzo zuwa ɗan sama da 45, asusunsa na farko ya ci. eBay ya rage wa dabarar ƙarfi: idan saura ƙasa da awa 12 a rufe, ba a janye tayi sai cikin awa ɗaya da yinsa. Duk da haka ka riƙa buɗe tarihin tayi kana dubawa, domin bayanan mai tayi suna nuna sau nawa ya janye a baya. Idan ka ga irin wannan, ka soke tayin duka biyun, ka toshe su. Mafi sauƙi kuma, ka fara gwanjo daga farashin da ko a nan aka tsaya za ka iya cewa ka sallama. Akwai kuma ɓoyayyen farashin da kaya ba sa tafiya sai an kai shi, amma ana biyansa kuɗi ko an sayar ko ba a sayar ba.

Tambaya: Ina sayar da rigunan sanyi da jakunkuna 'yan gwanjo. Idan na fasa dila a Katako nakan ware masu kyau in yi gwanjonsu a zauren WhatsApp ranar Asabar. Matsalata mata ne da za su fi kowa tayi, in sallama musu, sai su yi shiru. Wata ma ta goge tayinta ta ce ita ba ta taya ba. Na yi bulokin ɗinta amma ina ganinta a zauren. Daga wata 'yar kasuwa, Rikkos, Jos.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Abin da kika gani haka WhatsApp yake aiki. Toshe lamba yana hana ta kiranki ko turo miki saƙo ke kaɗai, amma a zauren da kuke tare tana ganin abin da kika sa, kina ganin nata. Sai kin cire ta daga zauren, kuma wannan sai mai riƙe da ragamar zaure. Bayan cirewar akwai abu biyu da ake mantawa. Na farko, linkin gayyata: duk wanda yake da shi yana iya shigowa da wani layin, don haka ki sabunta shi, tsohon ya mutu. Na biyu, ki kunna saitin da ke sa duk mai son shiga ya jira amincewarki, ki kuma hana sauran membobi ƙara mutane da kansu.

A nan babu na'urar da za ta tace miki masu saye kamar a eBay, ke ce za ki kafa dokar. Ki rubuta ta a bayanin zaure, ki sake turo ta kafin kowane gwanjo, gajeriya yadda kowa zai karanta: ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa, mafi ƙarancin abin da ake ƙarawa a kan tayi, awa nawa wadda ta ci take da shi ta biya, da kuma abin da zai biyo baya idan ba ta biya ba. Ga kaya irin naki, ƙarin naira 500 da wa'adin awa 3 sun wadatar, ke kika san masu sayenki. Idan wa'adi ya cika, kaya na wadda ta zo ta biyu ne. Karo na farko gargaɗi a keɓe, karo na biyu cirewa. Dokar da aka sanar tun farko ita ke raba ki da gaba, musamman a gari irin Jos inda wadda kika cire yau za ki iya haɗuwa da ita gobe a gidan suna.

Ki ba kowace riga lamba. Ki rubuta lambar a 'yar takarda ki ɗora kan rigar kafin ki ɗauki hoto, ki nuna wuya da bakin hannu da zif, da duk inda aka yi ɗinki ko launi ya koɗe. Mai tayi ta amsa a kan hoton da lamba da kuɗi, a rubuce, ban da saƙon murya. Da yawa daga cikin masu gudu bayan sun ci, abin da ba a nuna musu ba ne suke fakewa da shi.

Game da goge tayi: WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15, yana kuma barinsa ya goge wa kowa har kusan kwana biyu. Wato 8,000 na iya komawa 3,000, ko ta ɓace gaba ɗaya. Maganinsa shi ne ki riƙa maimaita tayin da ke kan gaba da hannunki: "Lamba 14, an kai 8,000, tayin Maman wance." Naki saƙon ba mai iya taɓa shi sai ke ko wani mai riƙe da zauren. Da lokaci ya cika ki mayar da zauren yadda shugabanni kaɗai ke iya rubutu, ki ɗauki hoton fuskar waya, sannan ki sanar da waɗanda suka ci. Ki kashe saitin saƙonni masu ɓacewa da kansu a wannan zaure.

Ga kaya masu tsada, ki nemi kafin alƙalami daga sababbin fuska kafin su taya, wanda za a mayar wa duk wadda ba ta ci ba. Riƙe kuɗin wadda ta ci ta fasa kuwa mas'ala ce da malamai suka saɓa a kai: mazhabar Malikiyya ba ta yarda da shi ba, Imam Ahmad ya halatta. Ki tambayi malaminki kafin ki sa shi cikin doka. Kuma kaya kada su bar hannunki zuwa tasha ko hannun ɗan aike saboda hoton rasit ko alat na tes. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna.

Abu ɗaya muke roƙonki: kada ki watsa hoton mutum da lambarta a zaure ko a Facebook da sunan tona asiri. Cirewa ta isa. Wata ƙila rashin lafiya ce ta faɗo mata, kuma ko da gangan ta yi, yaɗa ta na iya jawo miki ƙarar ɓata suna.

Tambaya: Ni mai saye ne. Duk lokacin da na so taya kwamfuta ko kyamara a eBay sai a ce mai kayan bai yarda da tayina ba, alhali ban taɓa hulɗa da shi ba. Ko don ni ɗan Najeriya ne? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo.

Amsa: Mafi yawan lokuta ba sunanka aka toshe ba, ɗaya daga cikin sharuɗɗan da muka ambata a sama ne ya tare ka. Masu kaya da yawa suna cire ƙasashe ko nahiya sukutum daga inda suke aikawa, saboda tsadar aike da tsoron ɓatan kaya, kuma na'ura tana duba babban adireshin da ke asusunka ne. Ka duba ɓangaren aikawa a shafin kayan, za ka ga wuraren da aka cire. Idan kana amfani da kamfanin da ke karɓar kaya a Amurka ko Ingila ya turo Najeriya, adireshinsu ne ya kamata ya zama babban adireshin aikawarka. Sai dai ka sani garantin mayar da kuɗi na eBay ba ya bin kaya bayan irin wannan kamfani ya karɓa ya tura gaba. Dalili na biyu shi ne tabon rashin biya: gwanjo biyu da ka ci ka share sun isa su rufe maka ƙofofi da yawa har tsawon shekara.

Mai kaya yana da jerin waɗanda ya keɓe daga sharuɗɗansa. Ka rubuta masa a taƙaice, ka faɗi kayan da kake so da inda za a aika, ka nemi ya sa sunanka. Yana iya yarda, yana iya ƙi, haƙƙinsa ne. Buɗe wani asusu don zagaye shi na iya jawo a rufe duka biyun.

Ga masu kaya kuma, tunda maganar ta zo: eBay ba shi da maɓallin hana sabon mai saye don kawai makinsa sifili ne, kuma ba mu goyon bayan soke tayin kowane sabo. Kowa da sifili ya fara. Yawan maki ma ba shaida ba ce, domin tun 2008 aka hana masu kaya rubuta wa masu saye mummunan sharhi, shi ya sa kusan kowa ke da kashi 100. Abin dubawa shi ne sharhin da mutumin ya rubuta wa wasu. Wanda kowane ciniki nasa ya ƙare da ƙorafi da neman ragi bayan kaya sun isa, wannan ne ya cancanci shiga jerinka tun bai taya ba.

Tambaya: Idan na ga gwanjona zai tafi a araha, laifi ne in sa abokina ya taya don farashi ya ɗaga? Ba saye zai yi ba. Daga wani mai sayar da wayoyi, Dilimi.

Amsa: Laifi ne, Malam, ta kowace fuska. A Musulunci sunansa najashi, wato ƙara kuɗin kaya ba da niyyar saye ba sai don a ruɗi wani, kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Gwanjo kansa halal ne, wannan ƙarin na yaudara ne aka hana. eBay ma ya hana, har ga 'yan'uwa da abokai da ma'aikatan mai kaya idan nufin shi ne ɗaga farashi, kuma hukuncin na iya kaiwa ga rufe asusunka da na abokin naka. A zauren WhatsApp babu kamfanin da zai kama ka, amma masu saye suna lura da lambar da kullum take tayi ba ta taɓa ɗaukar kaya ba.

Idan tsoron araha ne, hanyoyin halal suna nan. Ka ɗaga farashin farawa. Ka tsawaita gwanjon, domin eBay na ba da kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, kuma kwana 7 yana ratsa ƙarshen mako. Ko ka bar gwanjo gaba ɗaya ka sa tsayayyen farashi tare da sharaɗin biya nan take, wanda a ƙarƙashinsa kayan suna nan a kasuwa har sai kuɗi sun shiga. Ga waya, wadda kowa ya san farashinta kuma darajarta ke sauka wata bayan wata, wannan ya fi gwanjo dacewa. Ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaida ta musamman da kowace waya ke da ita, ka ajiye, ka ɗauki hoton wayar a kunne kafin ka rufe kwali, kuma idan cinikin ya kai dala 750 ko fiye, ka aika ta hanyar da sai mai karɓa ya sa hannu, domin eBay na neman wannan shaida kafin ya kare mai kaya idan aka ce saƙo bai iso ba.